Yaƙin Duniya Na Biyu: Manyan Gumurzun Da Suka Juya Akalarsa Da Rawar Da Ƙasar Katsina Ta Taka

Daga Wakilinmu

Akwai barikin soja a Kaduna mai suna Dalet, da wani mai suna Kalapanzin. A Zariya akwai Chindit, a Ikko kuwa ga Myohaung da Tamandu da Marda, ga kuma Dodan, inda fadar gwamnatin ƙasar nan take daga 1966 zuwa 1991. Mutane da yawa suna faɗin waɗannan sunaye ba tare da sanin asalinsu ba. To, dukkansu suna tuna wurare ne da rundunonin da sojojinmu suka yi faɗa a cikinsu a Habasha da Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila. Ɗalibai sun saba karanta shi a matsayin rigimar Turai, amma fa kusan duk wata babbar juyawa da yaƙin ya yi sai da ta taɓo manomin Musawa da na Malumfashi da na Funtuwa.

Faɗuwar Faransa

An fara yaƙin ran 1 ga Satumba, 1939, sa'ad da Jamus ta afka wa Folan, bayan kwana biyu kuma Ingila da Faransa suka ɗaura yaƙi da ita. A farko abin bai wuce labarin da ake karantawa a Gaskiya Ta Fi Kwabo ba, wadda aka fara bugawa a watan Janairun wannan shekarar. Al'amari ya canza a watan Yunin 1940, da Jamus ta murƙushe Faransa cikin makonni shida. Mahukuntan Faransa na Nijar suka bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Hitila, watau iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama iyakar da ake tsaro da zullumi.

Gwamnan Cadi, Felix Eboue, shi kuwa sai ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta. Wannan ya ba Ingila damar buɗe wata hanya ta sama, tun da Bahar Rum ta yi wuyar bi. Akan kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Hartum har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya daga 1940 zuwa 1943.

Daga Mogadishu Zuwa Harar

Gumurzun farko da sojojin Nijeriya suka shiga gadan-gadan shi ne na Gabashin Afirka, inda Italiya ke riƙe da Somaliya da Habasha. Birged ɗin Nijeriya ne ya shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu, 1941. Daga nan suka nausa arewa, suka fasa mashigin dutsen Marda ran 21 ga Maris, kafin ƙarshen watan suna Harar, tafiyar mil 1,000 cikin wata guda ke nan. Addis Ababa ta faɗi ran 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma birninsa ran 5 ga Mayu. Amfanin wannan nasara shi ne ta buɗe Bahar Maliya ga jiragen ruwan da ke kai makamai Masar.

Shekarar 1942

A 1941 ne yaƙin ya game duniya. Hitila ya afka wa Tarayyar Sobiyet ran 22 ga Yuni, Japan kuma ta kai hari Pearl Harbor ran 7 ga Disamba, abin da ya jawo Amurka ciki. Ran 15 ga Fabrairu, 1942, Singafo ta faɗa hannun Japan, Ingila ta rasa kuza da roba da man girki da take samu daga Gabas mai Nisa. Nan take aka juyo kan Nijeriya. Aka matsa wa manoma lamba a kan gyaɗa, ga kuma audugar da ake gurzawa a injinan Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa yana jidar kaya daga tashar Funtuwa zuwa bakin teku. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ta hannun En'e zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, aka kuma riƙa tara hatsi don ciyar da lebura da soja. Sai ga damina ta yi gardama, aka faɗa yunwar 1942 wadda Katsinawa ke kira 'Yar Gusau. Gishiri da kananzir da yadi duk suka yi wuya.

A ƙarshen wannan shekara mai tsanani ne akalar yaƙin ta juya. Tun a watan Yuni Amurka ta nutsar da manyan jiragen ruwan Japan huɗu masu ɗaukar jiragen sama a Midway. Ran 23 ga Oktoba Janar Montgomery ya tasam ma Rommel a El Alamein, ya kore shi daga Masar, kuma da yawa daga jiragen da suka rufa masa baya ta Kano suka bi. Ran 8 ga Nuwamba sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, cikin watan nan kuma mahukuntan Faransa na Afirka ta Yamma suka sauya sheƙa, hankali ya kwanta a iyakar Katsina. Mafi muni ga Jamus shi ne Stalingrad, inda Rashawa suka yi wa runduna guda ƙawanya har ta miƙa wuya ran 2 ga Fabrairu, 1943, aka kama fursunoni wajen 91,000. Tun daga nan Jamus ba ta sake farfaɗowa ba.

Dajin Bama

Da hatsari ya kau daga Afirka ta Yamma, sai Ingila ta ga tana da sojojin da za ta iya kaiwa wani fagen. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka haɗa 'yan Nijeriya da na Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, amma 'yan Nijeriya sun fi yawa. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake ɗaukar kurata a Arewa. Wasu son kaki da albashi ya kai su, wasu kuwa ba a nemi shawararsu ba.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, bayan ta sare daji da duwatsu ta yi hanyar mota mai tsawon mil 75. Ita ce babbar runduna ta farko da aka riƙa jefo wa abinci da harsashi kacokan daga sama. Inda mota ba ta zuwa, sojoji 'yan dako ne ke ɗaukar kaya da ƙananan igwa a ka, cikin ruwan sama da zazzaɓi da atuni. Bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su ga mayaƙan Chindit na Janar Wingate, aka sauke su da jirage a bayan abokan gaba, suka tsare sansanin White City da ya datse hanyar jirgin ƙasa.

A daidai wannan lokaci Japan ta yi yunƙurin shiga Indiya, aka gwabza a Imphal da Kohima daga Maris zuwa Yuli 1944. Rundunar Janar Slim ta karya ta, Japan ta yi asarar mutum fiye da 50,000 tsakanin matattu da raunana. Wannan ita ce juyawar yaƙin Bama, ta kuma zo daidai da saukar sojojin ƙawance a Normandy ran 6 ga Yuni. Runduna ta 82 ta shiga Arakan a watan Disamba, ta haye kogin Kalapanzin, ta haɗu da ta 81 suka ci tsohon birnin Myohaung a watan Janairun 1945, sa'an nan ta ci gaba da faɗa a Dalet da Tamandu. An kama Rangun ran 3 ga Mayu, Jamus ta miƙa wuya ran 8 ga wata, Japan kuwa sai bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, ta sa hannu ran 2 ga Satumba, 1945.

Katsina tana da nata tarihi a nan. Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago na Kano su ne suka riƙa watsa labarun yaƙi da Hausa daga rediyon Ankara tsakanin 1941 da 1944. Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya yi tattaki har Indiya da Bama don ya duba sojojin, ya ƙarfafa musu gwiwa.

Abin Da Ya Rage

Sai a 1946 yawancinsu suka dawo gida. Wasu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci, wasu suka zama 'yan doka da masinjoji, da yawa kuma suka koma ga fartanya da ɗan abin sallama da bai taka kara ya karya ba. Sun dawo kuma da ido buɗe, domin sun ga Bature yana gudu yana jin tsoro kamar kowa, sun ga Indiya tana fafutukar 'yancin da ta samu a 1947. Ingilar da ta fita daga yaƙin a gajiye ba ta iya riƙe Nijeriya fiye da shekara 15 ba.

Yau 'yan mazan jiyan nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne lambobin yabo da takardun sallama da hotuna da ke cikin adakoki a gidajen Musawa da Malumfashi da Funtuwa, da labarun da 'ya'yansu suka ji daga bakinsu. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ƙananan hukumomi da malaman tarihi su tura ɗalibai unguwa-unguwa su rubuta sunan kowane soja, da bataliyarsa, da inda ya yi faɗa, tun gara ba ta cinye takardun ba.