Wa Ke Rubuta Rahoton Sauyin Yanayi?

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp, har hadiman 'yan majalisa na tura wa juna: wai rana ce ta ƙara zafi da kanta, kuma rahoton da ake kai wa shugabanni 'yan siyasar Turai ne ke rubuta shi. Wanda ya ƙago zancen ko sunan rahoton bai iya kawowa ba.

Batun rana ba ya buƙatar dogon bayani. Tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan'adam ke auna ƙarfinta, bai ƙaru ba, duniya kuwa sai ɗumama take.

Na biyun ne ke ɓarna, don an cuɗa shi da gaskiya. Kwamitin IPCC mai fitar da rahoton, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu suka kafa a 1988, ba ya bincike da kansa. Masana ne ke tace dubban binciken da aka riga aka wallafa, su haɗa kundi mai shafuka dubbai. Da yake ba ministan da zai zauna karanta wannan, sai a fitar da taƙaitawa. Ita kam, gaskiya ne, wakilan gwamnatoci ke bin ta layi-layi. Sai dai a 2021 ƙasashe 195 ne a kwamitin, har da Saudiyya da Rasha da Najeriya, waɗanda da fetur suke cin abinci, kuma ba a sauya jimla sai marubutan sun tabbatar ba ta saɓa wa kundin ba. A haka aka amince a 2021 cewa babu tantama ayyukan ɗan'adam ne suka ɗumama duniya, da kusan digiri 1.1. Mai sayar da fetur ba ya sa hannu a irin wannan takarda don daɗaɗa wa Bature.

Ban ga laifin wanda ya gaskata saƙon ba. Waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ƙona kwal su ne yau ke yi mana wa'azin itacen girki, dole mutum ya yi zargi.

Akwai inda masanan ba su yanke ba: ko damina a Sahel za ta ƙaru ko ta ragu nan gaba. Kuma ba kowace ambaliya za a jingina wa yanayi kaɗai ba. Toshewar magudanai da gini a hanyar ruwa namu ne.

Amma ɗan majalisar da ya ɗauka duk siyasa ce, shi zai jefa hasashen ambaliya na hukumar NIHSA a durowa ranar kasafi. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya.