TSOHONKA YA KWANTA CIWO: WA ZAI BIYA?

 Yau za mu yi magana a kan lafiyar tsofaffinmu da kuɗin jinyarsu.

Duk mun san yadda abin yake faruwa. Tsoho ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai a sayar da akuya da araha. In bai isa ba, a ci bashi, ko a jinginar da gona. Wani gidan kuma sai a ce a dakata har kaka, ciwo ya yi tsanani.

ABIN DA GWAMNATI TA ƊAUKA

Tun daga dokar shekarar 1995, mara lafiya yana biyan wani abu a likitar gwamnati. Daga baya an yi sassauci. A 2005 an mai da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 an ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Daga ranar 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ayyukan likitocin gwamnati, haihuwa kuma ta zama kyauta.

Wannan ci gaba ne. Amma mu duba da kyau: kyautar ta fi shafar uwa da jariri. Tsoho manomi ya sami ragi, bai sami kyauta ba. A Senegal akwai tsari na musamman tun 2006 domin masu shekara 60 zuwa sama. A Gana masu shekara 70 ba sa biyan kuɗin shekara na inshorar ƙasa. A nan, manomin da ya tsufa ya dogara ne ga iyalinsa.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

Akwai rabin kuɗin da ba a yafe ba. Akwai maganin da za a rubuta mana mu saya a farmasin ƴan kasuwa. Akwai kuɗin mota daga Gangara ko Cadakwari zuwa likitar gunduma, ko zuwa babbar likitar Maraɗi. Akwai abincin mai jinya.

Ciwon tsufa kuma ba ya wucewa kamar masassara. Hawan jini da ciwon sukari suna buƙatar magani kowane wata. Yanar ido da gwaiwa suna buƙatar fiɗa.

HANYOYI UKU NA TANADI

Ta farko ita ce asusun taimako na ƙungiya. Tsarin Mata Masu Dubara ya soma a nan jihar Maraɗi a 1991. Ban da zubin mako, ƙungiyoyi da yawa suna ware ɗan kuɗi domin ciwo ko rasuwa. Kuɗin yana kusa, kowa ya san kowa. Amma asusun ƙarami ne.

Ta biyu ita ce ƙungiyar taimakon juna ta lafiya, wadda ake kira mituwel. Nijar ta yi mata doka a 2008. Kowa yana zubi tun yana da lafiya. In ciwo ya zo, ƙungiya ta biya wa mamba wani kaso a likitar da suka yi yarjejeniya da ita. Kuɗin da aka zuba ba ajiya ba ne. Wanda bai yi ciwo ba, ba a mayar masa. Ya taimaki ɗan uwansa ke nan, gobe kuma a taimake shi.

Ta uku ita ce inshorar kamfani. Ta fi tsada, kuma ta fi dacewa da mai albashi. In ɗanka yana aiki a birni, ya tambaya ko za a iya sa iyayensa a ciki.

Wanda ba shi da kowa kuma ba shi da komai, a raka shi ma'aikatar magajin gari a nemi takardar shaidar rashin ƙarfi.

MU YI LISSAFI

Ga misali. Gida 40 sun yarda kowane ya zuba dala 100 a wata, wato tamma 500. A wata an tara jikka 20. A shekara an tara jikka 240. Wannan zai iya ɗauke kuɗin mota da wani ɓangaren magani na mutane da dama. Amma in tsofaffi da marasa lafiya kaɗai suka shiga, asusun zai ƙare da wuri. Dole ne matasa masu ƙarfi su shiga su ma.

TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KA BA DA KUƊI

1. Ana karɓar mai shekara 60 ko 70? Zubinsa ɗaya ne da na kowa?
2. Ana biyan maganin ciwon da yake da shi tun da, kamar hawan jini?
3. Wata nawa za a jira bayan zubin farko kafin a fara amfana?
4. Kaso nawa cikin 100 za su biya, nawa zai rage a kanmu?
5. A wace likita katin yake aiki? Yana kai mu Maraɗi? Akwai kuɗin mota a ciki?
6. Wa ke riƙe kuɗin, kuma yaushe ake karanta lissafi a gaban mambobi?

Kada ka biya kuɗin abin da gwamnati ta riga ta mai da kyauta. Nemi abin da zai toshe giɓin da ya rage. Kada ka sa hannu ko ka danna yatsa sai an karanta maka takarda. Yanzu da ka iya karatu, karanta da kanka. Karɓi rasiti duk lokacin da ka yi zubi, ka adana shi tare da katin.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan shawara shi ne kaka, sa'ad da hatsi, wake da gyaɗa suke hannu. A nemi izinin biyan zubin shekara gaba ɗaya a lokacin. Ƴaƴan da suka tafi ci-rani su ma a yanka musu nasu kaso.

A ajinku na wannan mako, ku tattauna: tsoho nawa ke garinmu? Wa ke biyan maganinsu? Sannan ku aika mutum biyu su tambayi majiyan likita ko akwai mituwel kusa da ku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma rigakafi ya fi magani. Su suka ciyar da mu jiya. Mu shirya musu tun yau.