Sulhun Da Ba A Tambayi Mai Takaba Ba

Mu mutanen Kurya Madaro, da 'yan'uwanmu na Shinkafi da Zurmi, kunnenmu ya saba da kalmar sulhu. A 2019 gwamnatin jiharmu ta Bello Matawalle ta zauna da shugabannin 'yan bindiga da na 'yan sa-kai, aka sako wasu da aka sace, aka miƙa wasu bindigogi a gaban kyamara. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta ɗan lafa, daga baya abu ya dawo ɗanye.

A ganina dalilin a fili yake. An yi sulhu tsakanin masu bindiga, ba a kira waɗanda aka harba ba.

A shekarar ce kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya miƙa rahotonsa: daga 2011 zuwa 2019 a jiharmu an kashe mutum 6,319, an sace 3,672, yara 25,050 sun zama marayu. Ya ba da shawarar a tuɓe sarakuna biyar da hakimai 33. An tuɓe Sarkin Zurmi a 2022. Amma je ka tashar Ƙaura ranar kasuwa, ka tambayi direba ko mai sayar da gero wa ya taɓa jin abin da rahoton ya ƙunsa. Adadi muka samu, ba sunaye ba.

Abin da muke buƙata shi ne hukumar gano gaskiya, wadda aikinta ke nan: wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa a bainar jama'a, a rubuta, mai laifi ya amsa. A irin wannan hukuma a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Desmond Tutu, sama da mutum 7,000 suka nemi afuwa, waɗanda suka samu ba su kai 900 ba, don sharaɗin shi ne ka faɗi duk abin da ka aikata. A nan gida Obasanjo ya kafa irinta, kwamitin Oputa, a 1999, ya karɓi rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi ba. Kotun Ƙoli ta ce a 2003 ikon kafa irin wannan bincike a jihohi na jihohin ne. Ke nan gwamnatin jiharmu a Gusau ba ta buƙatar jiran Abuja.

Zaman ba zai yi daɗi ba. Manomin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa zai yi magana, haka ma Bafulatanar da 'yan sa-kai suka kashe mijinta a tsakiyar kasuwa. Dole a saurari kowa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a jihar da ke alfahari da shari'a. Kowane almajiri ya san magadan mamaci ne ke da zaɓin ƙisasi, ko diyya, ko yafewa. Gwamna ba ya yafe jinin da ba nasa ba. Duk mai neman ƙuri'armu, mu tambaye shi ranar da za a karanta mana rahoton kwamitin M.D. Abubakar da Hausa a rediyo.