Me Ya Sa Dutsen Da Aka Jefa Ba Ya Tafiya A Miƙe?

Idan malami ya ce ɗalibai su zana hanyar da dutse yake bi bayan an jefa shi, da yawansu sukan ja miƙaƙƙen layi, sa'an nan su karya shi ƙasa, wai ƙarfin jifa ya ƙare, dutse ya faɗo. Ba su suka fara wannan kuskure ba. Masanan Turai ma sun daɗe a kansa, har Galileyo, mutumin Italiya, ya warware matsalar a littafinsa na shekarar 1638.

Maganaɗisun ƙasa, wato ƙarfin da ƙasa take jawo kowane abu da shi, ba ya jiran komai. Da zarar dutse ya bar hannu, tafiya biyu yake yi a lokaci guda: yana yin gaba, yana kuma faɗowa, ba wadda ta damu da 'yar'uwarta. Saurin yin gaba ba ya canzawa, in ban da ɗan cikas na iska. Saurin faɗowa kuwa, kowane sakan ƙaruwa yake yi da kimanin mita 9.8 a sakan. Saboda haka dutsen da aka wurga gaba daga kan tsauni, ba tare da an ɗaga shi sama ba, zai sauka mita 4.9 a sakan ɗaya, mita 19.6 a sakan biyu. Haɗuwar tafiyar nan biyu ita take lanƙwasa hanyarsa kamar baka.

Ɗalibi ba safai yake yarda da wannan a allo ba, gara ya ji da kunnensa. A jera tsakuwa biyu a bakin tebur mai tsayin santimita 80, a danne kan rula guda, a kaɗa ɗaya kan yadda zai ture su tare. Wadda take nesa da inda aka danne za ta yi tsalle can, ta kusa kuwa ta faɗi a gindin tebur. A ce 'yan aji su rufe ido: ƙara guda za su ji, domin kowace sakan 0.4 ta yi a iska. Idan ta nesa ta tashi da saurin mita 3 a sakan, za a tsince ta a tazarar mita 1.2.

Maharbi bai san lissafin nan ba, amma ya san kibiya tana faɗowa tun daga barinta tsirkiya. Shi ya sa idan barewa ta yi nisa yakan auna sama da ita kaɗan.