Daga filin wasan Barewa zuwa bariki: Abin da ɗan wasa ke bari idan ya sa kaki

A Amurka, idan haziƙin ɗan wasa ya ajiye ƙwallo ya sa kakin soja, jaridu kan yi ta yayata labarin, domin dukiya ce mai yawa ya juya wa baya. Mitch Harris, mai jefa ƙwallo a wasan besbol na kwalejin sojan ruwa ta Annapolis, ƙungiyar St. Louis Cardinals ta zaɓe shi a 2008, amma sai ya tafi sauke nauyin aikin sojan da ke kan duk wanda ya kammala kwalejin. Bai taka filin babbar gasa ba sai a 2015, yana da shekara 29. Kaka ɗaya ya buga, ciwon gwiwar hannu ya dakatar da shi.

Zariya ma tana da nata labarin. A Kwalejin Barewa da ke titin Gaskiya, daf da Tudun Wada, a farkon shekarun 1950 an yi wani ɗalibi ɗan Wusasa wanda shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon makarantar, ga tsallen sanda, ga dambe, ga gudun dogon zango. Sunansa Yakubu Gowon. A 1954 ya shiga soja, ya yi horo a Sandhurst ta Ingila, ya zama shugaban ƙasa a 1966. A zamaninsa Legas ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka na 1973.

Sai dai abin da Gowon ya bari bai kai na Harris ba, domin a wancan lokaci wasa ba sana'a ba ce a Nijeriya. Manyan ƙungiyoyi na ma'aikatu ne, irin su hukumar jirgin ƙasa da 'yan sanda, ɗan wasa kuwa ma'aikaci ne da ke fita fili bayan an tashi aiki. Teslim Balogun da ya tafi buga ƙwallo a Ingila a 1955 ɗaya ne tamkar da dubu. Gasar ƙwararru ba ta fara a ƙasar nan ba sai a 1990. Ko Emmanuel Ifeajuna, wanda ya ci zinare a tsallen sama a Vancouver a 1954, bai samu abin dogaro a wasa ba. Koyarwa ya yi, sannan ya shiga soja a 1960, kuma Arewa ba ta tuna shi da zinaren, sai da juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966.

Yau lissafin ya sauya. Shekarun da ake ɗaukar kurtu a Depot na Zariya, wanda aka kafa a 1924, su ne shekarun da ƙungiyoyin Turai ke farautar yara. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa Holan a 2010 yana ɗan shekara 18. Wanda ya kai 25 bai fita ba, da wuya dillali ya waiwaye shi. To amma Ahmed Musa nawa ne? Mafi yawan yaran da ke tayar da ƙura a filayen Tudun Wada da Sabon Gari, iyakarsu ƙungiyar jiha, inda kukan bashin albashi ba ya ƙarewa, kuma rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe littafin. Soja yana da albashi da fansho da asibiti, amma ana iya tura shi Borno ko Zamfara, kuma ba duka ke dawowa ba. Wannan ne mahaifi ke aunawa idan ɗansa ya zo masa da takardar shiga soja a hannu ɗaya, takalmin ƙwallo a ɗaya.

Akwai hanya ta tsakiya, ko da yake siririya ce. Rundunonin tsaro suna riƙe 'yan wasa a cikin ma'aikatansu. Chioma Ajunwa 'yar sanda ce lokacin da ta ci wa Nijeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996. Irin wannan tsari ya fi dacewa da masu gudu da dambe da kokawa. Ɗan ƙwallon da ke mafarkin Turai kuwa, muddin yana cikin kaki, sai rundunarsa ta sallame shi kafin ya sa hannu a kwantiragi.