Fedar Kuloci da Ta Ƙi Dawowa: Gano Matsalar da Gyara Ta

Garin Jibiya da ke yamma da birnin Katsina yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da suka haɗa Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Daga Magama, inda jami'an kwastan da na shige da fice suke, hanya ta miƙe ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. An rufe wannan iyaka a shekarar 2019, aka buɗe ta a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sannan Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a 2024. Duk lokacin da hanya take buɗe, motoci kan yi jerin gwano ɗauke da kaya da mutane. Direba ya ɗan matsa, ya tsaya, ya sake matsawa, ƙafarsa ta hagu ba ta rabuwa da feda. A irin wannan wuri kuloci ya fi shan wuya, kuma nan ne fedarsa kan nutse ƙasa ta ƙi tasowa.

Abin bai tsaya ga ɓata lokaci ba. Idan feda ta kwanta alhali mota tana cikin giya, sau da yawa inji bai rabu da ƙafafun mota ba, don haka sai ta zabura gaba, ga masu talla da jami'ai suna kai da komo tsakanin motoci. Abin da ya wajaba ga direba shi ne ya taka birki, ya kashe inji, sannan ya fitar da giya. Bincike sai bayan haka.

Kafin a gane dalilin ƙin dawowar feda, ya kamata a san abin da ke dawo da ita. Mutane da dama suna zaton ɗan sifirin da ke maƙale a jikinta ne. Shi taimako kawai yake yi. Ainihin ƙarfin yana fitowa ne daga wani babban sifirin mai kama da faifai da ke cikin murfin kuloci, tsakanin inji da giyabos. Idan direba ya taka feda, ƙarfin ƙafarsa yakan bi wata hanya ya danne wannan sifirin, sai farantin kuloci ya saki. Idan ya ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da ƙarfin ta wannan hanyar dai, feda ta taso. Ke nan fedar da ta ƙi dawowa shaida ce cewa hanyar ta yanke ko ta toshe a wani wuri, aikin bakanike kuwa shi ne ya bi ta daki-daki har ya gano wurin.

Hanyar iri biyu ce. A wasu motoci, kamar bas ɗin J5, waya ce ta ƙarfe. Wannan ba ta da wuyar sha'ani. In ta tsinke, feda takan faɗi babu nauyi ko kaɗan. In ta fara zarewa ko ƙura ta cushe rigarta, sai feda ta yi tauri ta riƙa dawowa da ƙyar. Maganinta sabuwa.

A wasu kuwa, kamar Peugeot 504 da a baya aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin. Akwai famfo a bayan feda wanda kanikawa ke kira kulocin sama, da wani a jikin giyabos da suke kira kulocin ƙasa, bututu ya haɗa su. Mai ba ya matsuwa, saboda haka duk ƙarfin da aka sa masa yakan isar da shi. Iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa in ta shiga bututu sai ƙarfin ya ɓace a cikinta.

A nan sai a fara da buɗe kwalbar mai. Idan man ya ragu, to ya zube a wani wuri. A shafa saman feda ta cikin mota. In an ji danshi, robar kulocin sama ce ta ci. In danshin yana jikin giyabos, na ƙasa ne ko tiyonsa. Wani lokaci kwalba cike take, babu yoyo, amma idan aka danne feda aka riƙe sai ta riƙa nutsewa a hankali. Wannan alama ce ta man yana zagaye robar kulocin sama ta ciki yana komawa kwalba. A wasu motoci kwalba ɗaya ce ke shayar da kuloci da birki, don haka raguwar man gargaɗi ne game da birki shi ma, bai kamata a ƙara mai kawai a wuce ba.

Bayan an canza roba ko famfon gaba ɗaya, dole a fitar da iska. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tattaka feda ya riƙe, ɗayan ya kwance ɗan noti da ke jikin kulocin ƙasa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kada kwalba ta bushe. Man da za a zuba kuwa sai wanda aka rubuta a murfin kwalba, galibi DOT 3 ko DOT 4. Direban da ya rasa shi a hanya ya zuba baƙin mai ya sayi wahala da kuɗinsa, domin robobin za su kumbura su lalace duka.

Sai an tabbatar waya ko mai suna isar da ƙarfi yadda ya kamata, amma feda ta ƙi tasowa, sannan za a zargi ciki: ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura boris ya lanƙwashe, ko boris ya cije, ko yatsun babban sifirin sun karye. Wannan kam sai an sauke giyabos, aikin wuni guda ne da kuɗi masu kauri. Bakaniken da ya fara da sauke giyabos tun bai leƙa kwalbar mai ba, ya cancanci mai mota ya tambaye shi dalili. Sai dai a yi masa adalci, domin a motocin zamani da yawa kulocin ƙasa yana can ciki haɗe da boris, ko yoyo kaɗan ya yi ba a isa gare shi sai an sauke giyabos ɗin.