Me Ya Sa Ba A Buɗe Lagireto Da Zafi?

'Yan'uwa ɗalibai, a zafin Maris da Afrilu kun sha ganin mota tsaye a gefen hanyar Yawuri zuwa Kwantagora, tururi na tashi daga gabanta. Injinta ne ya yi zafi.

Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana danne shi, har ya wuce haka bai tafasa ba. Da zarar an kwance murfin, nan take sai ya tafasa, ya fesu a fuska da hannu.

Saboda haka, idan direba ya aike ka ɗebo ruwa, kada ka taɓa murfin. A kashe injin, a bari ya huce, sannan a zuba.